Martani: Dalar Masar, Darasin Tarihi Da Zargin Shirka A Gezawa

Wani saƙon murya yana ta yawo a wayoyin jama'a a ƙasar Gezawa, daga majalisun cikin gari har zuwa Jogana da Babawa. Mai maganar yana zargin malaman tarihi na makarantun boko da cusa wa yara shirka, saboda kawai sun ba su labarin gine-ginen dala na tsohuwar Masar. Ya nemi iyaye su tashi tsaye a soke darasin, in an ƙi su janye 'ya'yansu. Ba za mu ambaci sunansa ba, kuma ba shi muke neman shawo kansa ba, domin wanda ya zauna ya tsara magana irin wannan ya san abin da yake yi. Iyayen yara da sauran jama'a su ne alƙalai, a gabansu za mu baje hajarsa.

Tun kafin a kai ga batun aƙida, akwai tufka da warwarar da duk mai kunne zai ji. A farkon saƙon ya ce Fir'aunan Annabi Musa (AS) ne ya gina dala da gumin bayi Bani Isra'ila. Da ya yi nisa sai ya ce ɗan Adam ba zai iya ɗaga waɗannan duwatsu ba, aikin aljanu ne. Can wajen ƙarshe kuma ya ce ai rumbunan Annabi Yusuf (AS) ne, Turawa suka ɓoye gaskiya. Gini ɗaya, magina uku, kowanne yana ƙaryata ɗan'uwansa. In aljanu suka yi aikin, me bayi suka yi? In kuwa Annabin Allah ne ya gina, da wane baki ake kiran ginin la'ananne, har ake cewa ambatonsa a aji haramun ne? Bai damu da wace ce gaskiya a cikin ukun ba. Abin da yake so shi ne mai sauraro ya tsorata, ko ta wace ƙofa tsoron ya shigo.

Batun Fir'auna lissafi kaɗai ya ishe shi. Babbar dalar Giza, ta sarki Kufu, an kammala ta wajen shekara ta 2560 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Sarkin da masana da yawa suke kyautata zaton shi ne ya yi zamani da Annabi Musa, wato Ramsis na biyu, ya yi mulki daga 1279 zuwa 1213 kafin haihuwar Annabi Isa. Tsakaninsu akwai kimanin shekara 1,300, kwatankwacin tazarar da ke tsakaninmu da Halifa Umar ɗan Abdul'aziz. A zamanin Ramsis ma sarakunan Masar sun daɗe da daina gina dala. A cikin duwatsun da ke yamma da Luksor ake haƙa musu kaburbura a ɓoye, don gudun ɓarayi. Ginin da Suratul Ƙasas ta ce Fir'auna ya nema daga Hamana na gasasshen yumɓu ne, dalar Giza kuwa dutse ce da aka sassaƙo, ramukan da aka haƙo mafi yawansa suna nan a gefenta, da sawun kurfi a jikinsu.

Waɗanda suka yi aikin ma an san inda suka kwana da inda aka binne su. A 1990 aka gano maƙabartar ma'aikata a kudancin Giza, Zahi Hawass ya jagoranci tono ta. Kusa da ita Mark Lehner ya tono garin da suka zauna: ɗakunan kwana, wuraren gasa gurasa, tarin ƙasusuwan shanu da tumaki da awaki da aka yanka musu. Ƙasusuwan mutanen da kansu sun nuna ciwon baya na ɗaukar kaya, sun kuma nuna karaya da aka ɗora ta warke. 'Yan ƙasa ne, wasu ƙwararru na dindindin, wasu kuma talakawan ƙauye da hukuma take ɗiba bi da bi. Babu mai cewa aikin daɗi ne, ko kowa da son ransa ya je. Kakanninmu da suka ga ɗiban gwamna zuwa haƙar kuza a Jos sun san irin wannan. Amma bawan da aka kamo a yaƙi ba a yi masa kabari a inuwar kabarin sarki, a rubuta sunansa da muƙaminsa.

Maganar aljanu ita ta fi shiga zukata, don haka ta cancanci a tsaya a kanta. Gaskiya ne adadin yana da ban tsoro: tsawon dalar Kufu a asali mita 146 da ɗoriya, kowane gefe mita 230, tubalan dutse kimanin miliyan 2.3, wasu daga cikin jajayen duwatsun da aka rufe ɗakin sarki da su an kawo su ta ruwa daga Aswan, tafiyar kusan kilomita 800. Sai dai ginin bai faɗo daga sama rana ɗaya ba. Kafin a kai gare shi an yi kusan shekara 100 ana gwaji ana faɗuwa. Wajen 2650 kafin haihuwar Annabi Isa, Imhotef ya ɗora wa sarki Zosar benaye shida na dutse, kowanne ya fi na samansa faɗi, a Saƙƙara. Sinefiru, mahaifin Kufu, ya yi yunƙurin mayar da irin wannan hawa-hawa ta zama mai santsi a Maidum. A Dahshur ya fara wata da tsayuwa mai tsauri, kimanin digiri 54, da aka kai tsakiya aka ga alamar gini yana tsagewa, sai aka kwantar da sauran zuwa digiri 43. Har gobe tana nan a tanƙware, kowa na ganin inda aka canza shawara. Sai a ta uku, jar dala, aka dace tun daga tushe. Mai saƙon ya bayyana wa jama'a wane irin aljani ne yake kuskuren awo, ya tsaya ya gyara, ya sake gwadawa a wani fili.

Ba a nan hujjar ta tsaya ba. A 2013, a Wadi al-Jarf da ke gaɓar Bahar Maliya, tawagar Pierre Tallet ta tono tsofaffin takardu, daga ciki akwai littafin aikin wani shugaban ma'aikata mai suna Merer, na ƙarshen mulkin Kufu. Kullum yana rubuta abin da ƙungiyarsa ta yi: yau an yi lodin farin dutse a Tura, an kwana a wuri kaza, gobe jirgi ya bi ruwa ya isa Giza, an sauke, an koma. Ya ambaci mai kula da aikin, Ankhaf, ɗan'uwan sarki. A saman ɗakin sarki, a wasu ƙananan ɗakuna da aka rufe tun lokacin gini ba a shiga ba sai 1837, an tarar da sunayen ƙungiyoyin leburori da jan fenti, ɗaya tana kiran kanta abokan Kufu. A wani kabari na baya, na gwamna Jehutihotef, akwai zanen mutane sahu-sahu suna jan ƙaton mutum-mutumi a kan katako, wani yana tsaye a gaba yana zuba ruwa a ƙasa. Masu bincike a Jami'ar Amsterdam sun gwada a 2014, sun ga yashi mai danshi daidai yana rage nauyin ja da kusan rabi. Aljanun da Suratu Saba'i ta ce sun yi wa Annabi Sulaiman (AS) aiki kuwa, zamaninsa ya zo bayan Kufu da fiye da shekara 1,500, kuma babu nassin da ya haɗa su da Giza. Mutumin Kano shi ne na ƙarshe da ya kamata ya raina abin da wuyan ɗan Adam yake ɗauka: dattawa suna nan da rai da suka ga 'yan dako suna hawa da buhu a ka har a tsayar da dalar gyaɗa, gyaɗar da manoman wannan yanki suna cikin masu noma ta.

Zancen rumbu kuwa, a Gezawa aka fi kowa cancantar yi masa dariya. Wanda ya taɓa ɗaura rumbu ya san amfaninsa cikinsa: bango siriri, ciki fanko, a ɗora shi a kan duwatsu don gara da danshi, a jera dami har ya cika. Dalar Kufu kusan dukkanta cushe take da dutse. Manyan ɗakunan da aka sani a cikinta uku ne, na sarki bai wuce mita 10 da rabi a tsawo da mita 5 da 'yan kai a faɗi ba, hanyar shiga kuma sai mutum ya duƙa yana rarrafe, domin tsayinta bai kai ƙirjin babba ba. A cikin ɗakin sarki abin da ke ajiye akwatin gawa ne na dutse. Masarawa suna da rumbunansu na gaske, an tono su a wurare kamar Edfu: na tubalin laka ne, kewayayyu, ana zuba hatsi ta sama a ɗiba ta ƙasa, duk manomin da ya gan su zai gane su nan take. Sannan Annabi Yusuf shekara bakwai ta yalwa yake da ita kafin fari ya zo, dalar Kufu kuwa ta ci shekara 20 ko fiye. Abin da zai fi ba jama'a mamaki shi ne asalin tatsuniyar. A bakin Kiristocin Turai masu ziyara ta yi ƙarfi: Giregori na Tur ya rubuta ta a ƙarni na 6, an zana ta a rufin cocin San Marko da ke Benis, ɗan siyasar Amurka Ben Carson ya maimaita ta a 1998. Mutumin da yake kuka da Turawa sun ɓoye gaskiya, kayan Turawa ya ɗauko ya sa musu rawani.

Yanzu ga babban zargin, cewa koyar da ma'anar dala koyar da shirka ne. Babu malamin tarihi mai mutunci da zai ɓoye cewa addinin maginan na alloli da yawa ne. Dala kabari ce, kuma kowane sashe nata yana ɗauke da aƙida. Sun ɗauki sarki ɗan allahn rana Ra, sun yi imani idan ya mutu zai hau sama ya bi rana a tafiyarta. Shi ya sa ake gina su a yammacin Nilu, inda rana ke faɗuwa. Siffar ginin tana kwaikwayon wani dutse mai tsini da suke girmamawa a Heliyofolis, wanda suke ɗauka alamar tudun farko da ya ɓullo daga ruwa a farkon halitta. Ƙofar shiga tana fuskantar arewa, wajen taurarin da ba sa faɗuwa, inda suke fatan ruhin sarki ya dawwama. A gabas da dala akwai ɗakin da masu hidima ke ajiye gurasa da giya kowace rana, don a ciyar da abin da suke kira ka, wato wani sashe na rayuwar mamaci. Daga sarki Unas, wajen 2350 kafin haihuwar Annabi Isa, aka fara sassaƙa addu'o'i da surkulle a bangon ɗakin gawa, waɗanda Gaston Maspero ya bayyana wa duniya a 1881. A gindin dalar Kufu an tono jirgin ruwa na katako mai tsawon mita 43 a 1954, an binne shi tare da sauran tanadin lahirar sarki.

Wannan shi ne abin da ake faɗa wa yara, kuma faɗarsa ba yarda da shi ba ne. Kowane almajiri da ya kai Suratun Najmi yana furta sunayen Lata da Uzza da Manata da bakinsa. Wanda ya kai Suratu Nuhu yana karanta sunayen gumaka biyar na mutanen Annabi Nuhu (AS), har a cikin salla. Ibnul Kalbi ya rubuta Kitabul Asnam, littafi guda a kan gumakan Larabawa, inda kowanne yake da ƙabilar da ke bauta masa. Shahrastani, wanda ya rasu a 1153, ya tattara addinan duniya a Al-Milal wan-Nihal. Biruni ya koyi harshen Indiyawa don ya bayyana aƙidarsu kamar yadda su suke faɗarta. Ko dai mai saƙon bai san waɗannan ba, to bai isa ya yi fatawa ba. Ko kuwa ya sani ya yi shiru, wanda ya fi muni.

Ya kuma tsallake rabin labarin da ya fi kowane wa'azi ratsa jiki. Duk wannan tanadi bai tsare kowa ba. Ɓarayi sun fasa kaburburan tun a zamanin dā, akwatin Kufu an same shi wayam, ba gawa ba murfi. Sarkin da ya tara dutse mita 146, cikakken mutum-mutuminsa da aka tabbatar ɗaya ne tak, na hauren giwa, tsawonsa santimita 7 da rabi, ya shige tafin hannu. Flinders Petrie ya tsince shi a Abidos a 1903. Addinin kansa ya mutu: rubutu na ƙarshe da aka yi da haruffansu an sassaƙa shi a tsibirin Fila a shekarar 394 Miladiyya, daga nan aka manta karatunsa har sai da Shamfoliyon ya warware shi a 1822. Yau babu mahaluƙi ɗaya a doron ƙasa da yake kai wa Kufu gurasa. Alƙur'ani a wurare da dama ya umarci a yi tafiya a bayan ƙasa a ga yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance. Yaron da aka hana shi sanin abin da suka gina da abin da suka yi imani da shi, ƙarshen me zai gani?

Mai saƙon ya kafa hujja da hadisin Hijir, inda Manzon Allah (SAW) a hanyar Tabuka ya hana sahabbai shiga gidajen Samudawa sai suna masu kuka. Hadisin ingantacce ne, amma an ɗora shi a inda ba wurinsa ba. Hijir wuri ne da nassi ya tabbatar azaba ta sauka a cikinsa. Babu nassi irin wannan a kan Giza, Fir'auna kuwa a teku ya halaka. Kuma yaron da ke zaune a benci a Gezawa yana kallon hoto a littafi bai shiga gidan kowa ba.

Daga nan ya ɗaga murya ya ce da Musulmin ƙwarai ne ke mulkin Masar da tuni an rushe gine-ginen dala. A nan ne rashin kunyar ta kai maƙura, domin waɗanda yake yi wa gori sahabbai ne. Amru ɗan Asi ya ci Masar tsakanin 639 da 642, a halifancin Sayyidina Umar, tare da irin su Zubairu ɗan Awwamu da Ubada ɗan Samitu. Ya kafa Fusɗaɗ a gabashin kogi, inda ana hango dala ta tsallake. Ba su rushe ba. Imamu Shafi'i ya ƙare rayuwarsa a nan a 820. Ibnul Ƙasim da Ashhabu, ginshiƙan mazhabar Malikiyya da muke bi, a Masar suka zauna. Shehu Halil mai Muhtasar, wanda ake karantawa a zaurukan Kano, a Alƙahira ya rayu a ƙarni na 14. Azhar ta haura shekara 1,000 tana maƙwabtaka da dala. Cikin waɗanda suka gwada rushewa akwai Al-Aziz Usman ɗan Salahuddin, a 1196, bisa zugar fadawa: wata takwas ana fama da ƙaramar dala ta Menkaure, aka kashe dukiya, aka gaji aka bari, abin da aka samu tsaga ɗaya ce a gefen arewa. Abdullaɗif al-Bagadadi, malamin da ya rayu a Alƙahira a lokacin, wauta ya ɗauki aikin. Kiran rushewar na wannan zamani ma ba na mai saƙon ba ne, aro ya yi: wani Murjan al-Gohari ya yi shi a talabijin ɗin Masar a 2012, Masarawa suka yi watsi da shi.

Akwai suna ɗaya da ya isa ya rufe wannan babi. Duk watan Ramadan, a masallatai da ƙofofin gidajen sarakai na ƙasar Hausa, Tafsirul Jalalaini ake buɗewa. Ɗaya daga Jalalai biyun shi ne Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, wanda ya aiko da wasiƙar nasiha ga sarakunan Katsina da Agadas. Wannan Suyuɗin ya yi babi a kan dala a littafinsa na tarihin Masar, Husnul Muhadara, ya kuma ware mata ɗan littafi na musamman. Kafin shi Maƙrizi ya yi dogon bayani a kanta a Khiɗaɗ, Abu Ja'afar al-Idrisi ya rubuta littafi sukutum a ƙarni na 13. Idan abin da malamin aji ya yi a Gezawa shirka ne, mai saƙon ya fito fili ya faɗi hukuncin Suyuɗi, ya kuma gaya wa jama'a littafin da za a ja baƙi da shi a azumi mai zuwa.

Cewa tarihin na Turawa ne bai buƙatar dogon martani. Masar a Afirka take. Sudan, wadda kakanninmu suka ratsa da ƙafa zuwa hajji har wasu suka zauna, tana da dala fiye da 200 a Merowe da Nuri da Kurru, adadin da ya zarce na Masar, sarakunan Kush ne suka gina su. Cikin manyan masu tonon Giza akwai Salim Hasan, Bamasare, tun 1929. Wanda kuma ya fi kowa ɓarna a dalar Sudan Bature ne, Giuseppe Ferlini ɗan Italiya, da ya farfasa kawunansu a 1834 yana neman zinariya. A sahun wannan mutum mai kiran a rushe yake tsaye.

Saura abin da ya fi nuna mugun nufi. Mai saƙon ya san nauyin kalmar shirka idan aka jefa ta a kan Musulmi mai salla a wannan ƙasa, ya san abin da irin wannan zargi ya sha jawowa. Bai je makaranta ya nemi ganin littafin ba, bai ambaci shafi ko jimla ɗaya da aka ce wa yaro ya bauta wa wani abu ba, bai kai ƙorafi gaban shugaban makaranta ko dagaci ko hakimi ba. Waya ya ɗauka ya saki magana a gari. Ya yi hakan a yankin da malamai ke bin iyaye gida-gida don a bar yaro ya gama aji, a lokacin da darasin tarihi bai daɗe da dawowa manhaja ba bayan shekarun da aka yi an cire shi.

Ƙa'idar da ya kafa kuma ba a Masar za ta tsaya ba. Tarihin Kano da kansa da Barbushe ya fara, da Tsumburbura, da taron shekara a gindin Dutsen Dala inda ake yanka baƙaƙen dabbobi. Da Larabci aka rubuta wannan labari, a cikin birnin Kano, malamai Musulmi suka adana shi, kuma ta cikinsa ne muka san zuwan Wangarawa da Musulunci a zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14. Wanda ya haramta a ba yaro labarin Kufu dole ya haramta wannan, ya nemi a rufe Gidan Makama, ya hana motocin makarantu zuwa rijiyar Kusugu a Daura. A duk tsawon saƙon nasa bai ce uffan a kan ko ɗaya daga cikinsu ba, domin ya san masarautar Kano da ta Daura suna kusa, za su amsa masa, malamin aji kuwa ba shi da kowa.